An Toshe Ƙofar Jikan Bawa, An Bar Ta Ɗan Wane a Buɗe

Ranar Alhamis 29 ga Yunin 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa babu jami'ar da za ta ƙara sa launin fatar ɗalibi a cikin abubuwan da take aunawa kafin ta ba shi gurbin karatu. Jami'o'i biyu aka gurfanar, Harvard da Jami'ar Karolina ta Arewa, amma hukuncin ya hau kan kowa. Alƙalai shida ne suka goyi bayansa. Babban alƙali John Roberts, wanda ya rubuta shi, ya kafa hujja da cewa in za a kawar da wariya to a kawar da ita dukkanta, kada a duba fatar kowa, a bar cancanta ta yi aikinta. Abin da kawai ya bari shi ne ɗalibi ya ba da labarin yadda launin fatarsa ya shafi rayuwarsa a cikin rubutun neman gurbi.

Magana ce mai daɗin ji, kuma na san akwai 'yan bokonmu da dama da suka jinjina kai suka ce ai wannan shi ne adalci. Ni kuwa raina ɓaci ya yi, har yau kuma bai huce ba, domin a cikin takardun wannan shari'a ɗin kanta akwai abin da ke ƙaryata batun cancantar, kuma alƙalan sun gan shi da idanunsu.

Ga abin. Shari'ar ta tilasta wa Harvard fito da bayanan ɗaukar ɗalibanta na shekara shida. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Duke, Peter Arcidiacono, wanda masu ƙarar ne da kansu suka ɗauko shi ya ba da shaida, ya zauna da abokan aikinsa biyu suka tace bayanan. Suka gano cewa fiye da kashi 43 cikin 100 na Turawan da Harvard ta ɗauka ba ta ƙofar da kowa ke bi suka shigo ba. Ko dai 'ya'yan tsofaffin ɗaliban makarantar ne, ko 'ya'yan malamanta da ma'aikatanta, ko 'yan wasan motsa jiki, ko kuma suna cikin wani jerin sunaye na musamman da ofishin ɗaukar ɗalibai ke ajiyewa, wanda 'ya'yan masu ba makarantar gudummawar kuɗi suka yi kaka-gida a cikinsa. A wajen baƙar fata da 'yan asalin Asiya da 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda suka shigo ta wannan hanya ba su kai kashi 16 ba. Binciken ya ƙara da cewa kusan uku cikin huɗu na waɗannan Turawa da ba a ɗauke su ba in da an auna su da mudun da ake auna kowa. Wanda uwarsa ko ubansa ya yi Harvard, kusan ɗaya cikin uku ne ke samun gurbi. Wanda ba shi da kowa, kimanin shida cikin ɗari.

Mu dai mun san sunan wannan abu, alfarma. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Kotun da ta ce ba za ta lamunci a duba cewa yaro jikan bayi ne ba, ba ta ga laifin a duba cewa yaro ɗan wane ne ba. Ta toshe ƙofa ɗaya ta bar ɗaya a wangale, sannan ta kira abin da ya rage cancanta. Wannan ne ya hana ni yin shiru.

Kuma kada a ɗauka ƙofar gadon nan, ta fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, wata tsohuwar al'ada ce mara laifi. Ta yi ƙarfi ne a shekarun 1920, lokacin da manyan jami'o'in gabashin Amurka suka ga 'ya'yan Yahudawa baƙin haure suna cinye jarrabawa suna cika azuzuwa. Shugaban Harvard na wancan zamani, Lawrence Lowell, ya fito fili ya nemi a ƙayyade yawan Yahudawa, kuma shi ne dai ya hana ɗalibai baƙar fata kwana a ɗakunan 'yan aji ɗaya. Da ƙayyadewar ta fito fili ta jawo surutu, sai aka koma auna "ɗabi'a" da "asali" da gidan da yaro ya fito. Wato tun tushenta, an gina ƙofar ce domin a tsare gurabe ga 'ya'yan Turawa masu hali. Shekara ɗari ke nan tana aikin da aka gina ta dominsa.

To wane gado ne baƙar fatar Amurka ya ci daga waɗannan makarantu? Mu ɗauki Jami'ar Karolina ta Arewa da aka kai ƙara. Ta fara karɓar ɗalibai a 1795, kuma bayi ne suka yi aikin ginin tsofaffin gine-ginenta. Ba ta ɗauki baƙar fata ko ɗaya a karatun digirin farko ba sai a 1955, shi ma da umarnin kotu, samari uku. Shekara 160. A cikin waɗannan shekaru ne wani malami Bafulatani daga Futa Toro, Umar bin Sa'id, wanda ya yi shekara da shekaru yana neman ilimi a ƙasarsa kafin a kama shi, ya rayu a wannan jiha yana bawa, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya kuma rasu cikin bauta. Duk iliminsa, ba ƙofar da za ta buɗe masa, don fatarsa kaɗai ake dubawa. A 1962 sai da gwamnatin tarayya ta tura dubban sojoji kafin James Meredith ya zauna a aji a Jami'ar Misisipi, kuma mutum biyu suka mutu a tarzomar da Turawa suka tayar. A watan Yunin 1963 gwamnan Alabama, George Wallace, ya tsaya da ƙafafunsa a bakin ƙofar jami'a don ya tare Vivian Malone da James Hood. Wannan ba labarin zamanin kaka da kakanni ba ne. Akwai waɗanda suka ga abin da idanunsu suna nan da ransu, kuma jikokinsu ne ke neman gurbi yau. Yaron da doka ta hana kakansa shiga makaranta, ta ina zai zama ɗan tsohon ɗalibi?

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jami'ar Georgetown da ke birnin Washington. A 1838 bashi ya yi wa makarantar katutu. Limaman Katolika na ɗariƙar Jesuit da ke tafiyar da ita suna da gonaki a Maryland, suna kuma da bayi. Sai shugabansu Thomas Mulledy ya sa hannu aka sayar da mutum 272 a kan dala 115,000 ga wasu masu gonaki a Luwiziyana, ɗayansu tsohon gwamnan jihar. A cikinsu akwai jarirai, akwai tsofaffi, akwai mata da mazajensu. Aka loda su a jirgin ruwa aka yi kudu da su, inda aikin rake da auduga ke cin ran bawa, aka ɗebi wani kaso na kuɗin aka biya bashin makaranta. Da cinikin waɗannan bayin Allah Georgetown ta miƙe. Daga baya har aka sa wa wani gini sunan Mulledy, sunan kuma bai sauka ba sai a 2015, bayan ɗalibai sun yi zaman dirshan. A 2016 jami'ar ta sanar cewa zuriyar waɗanda aka sayar za su samu irin fifikon da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ke samu. A 2019 ɗaliban da kansu suka kaɗa ƙuri'a, kusan biyu cikin uku suka yarda a ƙara wa kuɗin makarantar kowannensu dala 27 da santi 20 a kowane zangon karatu don a tallafa wa zuriyar. Hukumar makarantar ba ta aiwatar da wannan ba, ta ce za ta riƙa tara dala 400,000 a shekara ta hanyar gudummawa. Yara sun fi manyansu kunya.

Ku lura da abin da Georgetown ta amsa da bakinta a nan: abin da ya faru da kakanninka yana bin ka har ƙofar makaranta. Ita ma Harvard a 2022 ta fitar da rahoto ta amsa cewa shugabanninta da malamanta da ma'aikatanta sun mallaki bayi fiye da 70 tsakanin 1636 da 1783, kuma dukiyar masu cinikin bayi da masu gonakin rake ta shiga asusunta. Ta ware dala miliyan 100 don gyara. Asusun ajiyarta ya haura dala biliyan 50. Mai karatu ya yi lissafin da kansa.

An yi bauta a Amurka tun daga 1619 har 1865. Bayan nan aka yi kusan wata shekara ɗari ta wariya da doka ta ɗaure wa gindi, har zuwa dokar 'yancin jama'a ta 1964. Shi kuwa ɗan gyaran da ake ta hayaniya a kansa, wato duba launin fata wajen ba da gurbi, kotu ta amince da shi a 1978, ta sake jaddada shi a 2003, ta kashe shi a 2023. Shekara 45 ke nan, a gaban ɓarnar shekara kusan 350. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba, balle wanda tura shi aka yi aka kuma zauna a bakin rijiyar da sanda. Kuma ɓarnar tana nan a aljihun mutane. Ƙididdigar babban bankin Amurka ta 2022 ta nuna dukiyar matsakaicin gidan Bature ta kai dala 285,000, ta matsakaicin gidan baƙar fata kuwa ba ta cika 45,000 ba. A ƙasar da kuɗin makarantun gwamnati ke dogara sosai da harajin gidajen unguwa, unguwar matalauta makarantar matalauta take samu. Daga nan sai a tara yaran a ɗakin jarrabawa ɗaya a ce ga fili ga mai doki.

Na san abin da za a ce mini: masu ƙarar sun tsaya ne a madadin ɗalibai 'yan asalin Asiya, waɗanda suka ce ana danne su duk da makinsu. Ban raina kukansu ba. Bayanan sun nuna ma'aikatan Harvard suna ba su maki ƙasa da na sauran a abin da suke kira auna hali, kuma wannan abin kunya ne da ya kamata a tuhumi makarantar a kansa. Amma wa ya cinye guraben? Baƙar fata ba su kai ɗaya cikin biyar na ajin ba. In da gaske yaron da iyayensa suka zo daga Sin ko Indiya ko Biyetnam ake tausayi, da ƙofar alfarma aka fara rushewa, tunda a can ne aka jibge gurabe ga waɗanda ba su kai shi maki ba. Mutumin da ya kitsa ƙarar, Edward Blum, ya riga ya gwada da wata ɗaliba Baturiya, Abigail Fisher, a kan Jami'ar Teksas, ya sha kaye a 2016. Yana da hannu kuma a shari'ar 2013 da ta karya wani ginshiƙi na dokar kare 'yancin zaɓen baƙar fata. Wanda ya bi sawunsa ya san inda ya dosa. An bar jaki ana dukan taiki, kuma da gangan aka yi.

Akwai kuma wani ɗan layi a ƙasan hukuncin da ya cire makarantun horar da hafsoshin soja, wai su suna iya samun wata buƙata ta daban. Alƙaliya Ketanji Brown Jackson, baƙar mace ta farko a kotun, ta nuna abin da wannan ke nufi: ana son baƙar fata a ramin yaƙi, ba a damu da ganinsa a kujerar shugabancin kamfani ba. A 2025 gwamnatin Trump ta rufe wannan kafar ma.

Babu wanda zai ce bai san abin da zai biyo baya ba. Kalifoniya ta haramta tsarin duba launin fata tun 1996, kuma jami'ar jihar ta gaya wa kotun cewa ta kashe fiye da dala miliyan 500 tana neman wata hanyar, ba ta cike giɓin ba. Mishigan ta haramta a 2006, baƙar fata a babbar jami'arta suka sauko daga kimanin kashi 7 zuwa kashi 4 a 2021, a jihar da suke kusan kashi 14 na jama'a. Ajin farko da aka ɗauka bayan hukuncin, a 2024, ya maimaita labarin. A MIT baƙar fata suka faɗo daga kashi 13 zuwa 5. A Kwalejin Amherst daga 11 zuwa 3. A Harvard daga 18 zuwa 14. Gaskiya ta sa in faɗa cewa MIT ba ta da ƙofar gado, Amherst kuma ta rufe tata tun 2021, wato rufe ta kaɗai ba zai warkar da ciwon ba. Sai dai wanda ya ƙi yin ko wannan ɗan kaɗan ɗin ba shi da bakin yi wa kowa wa'azin adalci.

A nan ne fushina ya bar kotu ya koma kan jami'o'in. Bayan ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd har ya mutu a watan Mayun 2020, babu shugaban jami'ar da bai fitar da wasiƙar alhini ba. Aka buɗe ofisoshin daidaito da damawa da kowa, aka naɗa daraktoci, aka shirya tarurrukan bita, aka cika ƙasidun talla da hotunan ɗalibai baƙaƙe suna murmushi. Ina da ƙorafi a kan yawancin wannan aiki tun lokacin, domin taron bita ba ya biya wa yaro kuɗin makaranta, kuma ba ya ƙara yawan farfesoshi baƙar fata. Amma ko ba komai, yaron da shi ne na farko a danginsu da ya taka jami'a yana da ofishin da zai shiga a saurare shi. Da iska ta juya fa? Teksas ta kafa dokar rufe ofisoshin daga farkon 2024, babbar jami'arta da ke Austin ta sallami ma'aikata kusan 60. Jami'ar Fulorida ta rufe nata a watan Maris na shekarar. Su waɗannan sai su ce doka ce ta tilasta su. Jami'ar Mishigan, wadda ta yi suna wajen wannan aiki, ta rufe nata ofishin a watan Maris na 2025 da gwamnati ta yi barazanar yanke kuɗi. Harvard, da a lokacin take shari'a da gwamnatin Trump a kan dala biliyan 2.2 da aka riƙe mata, ta canza wa nata ofishin suna a watan Afrilun 2025, ta goge kalmomin daidaito daga jikin ƙofa.

Ƙofar gado kuwa babu kotun da ta ce a riƙe ta, babu gwamnatin da ta ce a riƙe ta. Shugaban jami'a da 'yan majalisarsa za su iya rufe ta a zama ɗaya. Johns Hopkins ta yi, Wesleyan ta yi makonni kaɗan bayan hukuncin, jihohin Kolorado da Bajiniya da Maryland sun yi doka a kai. Shekara biyu bayan hukuncin, Harvard ba ta rufe ba. Da Kalifoniya ta yi dokar hana abin a jami'o'i masu zaman kansu, Stanford ta gwammace ta haƙura da kuɗin tallafin ɗalibai na jiha a kan ta daina fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da masu ba da kuɗi. Duk wanda ya yi kukan hukuncin kotu da safe ya sa hannu a jerin 'ya'yan masu kuɗi da yamma, munafunci ya yi, ba ni da wata kalma da ta fi wannan taushi.

Ana kuma cewa tsarin duba launin fata yana zubar da mutuncin baƙar fata, wai kowa zai riƙa yi masa kallon wanda aka taimaka wa. Alƙali Clarence Thomas, wanda shi ma baƙar fata ne, ya daɗe yana wannan magana. Ɗan arewacin Najeriya ya san zafin wannan gori. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 ga maki zalla, 35 ga yankin da makaranta take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma saboda wannan kashi 20 ɗin an kira likitocinmu da injiniyoyinmu 'yan kota ko da su ne suka zo na ɗaya a aji. Amma wa ya taɓa tare ɗan mai kuɗi a Harvard ya tambaye shi ko ya cancanta? Wa ya taɓa yi wa wanda ya shiga da takardar wani babba gori a nan gida? Gorin yana sauka ne a kan wanda dama an raina, ko da kota ko babu. Kuma tunda na taɓo gida, mu ma kada mu wanke kanmu: gurbin da aka ware don ɗan manomi daga ƙauye, in ɗan kwamishina ya cinye shi, zaluncin iri ɗaya ne da wanda nake zagi a Amurka.

Saura magana ɗaya, kuma ta fi shafar mu kai tsaye. Tun 2004 malamai biyu na Harvard, Henry Louis Gates da Lani Guinier, suka ja hankali cewa mafi yawan baƙar fatar da ke karatun digirin farko a can baƙi ne daga Afirka da tsibiran Karibiyan, ko 'ya'yan baƙin, ko 'ya'yan auren gauraye. Jikokin bayin da aka yi gwagwarmayar dominsu su ne 'yan tsiraru. Wato 'ya'yanmu sun ci moriyar ƙofar da wasu suka buɗe da jininsu. Kafin nan ma, lokacin da manyan makarantun Turawa ba sa marhabin da baƙi irinmu, makarantun baƙar fata ne suka karɓi Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah, dukansu sun yi Jami'ar Lincoln. Ire-iren waɗannan makarantu ne gwamnatin tarayyar Amurka ta ce a 2023 jihohi 16 sun tauye wa kuɗin da ya haura dala biliyan 12 a cikin shekara talatin. Duk da haka sai ka ji ɗan Afirka da ya sauka jiya yana cewa baƙaƙen Amurka malalata ne, shi ai da ƙoƙarinsa ya shiga. Wannan butulci ne, kuma ina jin kunyarsa duk lokacin da na ji shi daga bakin namu.

Don haka kirana ga ɗanmu ko 'yarmu da Allah ya kai ɗaya daga cikin waɗannan makarantu: ka nemi tarihin ginin da kake kwana a ciki, ka san sunan waɗanda aka sayar aka gina shi. In ɗalibai sun fito neman a rufe ƙofar gado, ko a mayar da kuɗin tallafi ga yaran unguwannin da aka tauye, ka fito tare da su, gwargwadon abin da takardar zamanka ta ba ka dama. Iyaye kuma da ke alfahari da cewa yaro ya samu Harvard, ku gaya masa wanda ya biya kuɗin buɗe ƙofar kafin ya hau jirgi.